FILIN KIMIYYA DA LAFIYA: Yadda Ake Renon Fatar Cikin Baki A Faranti

  Tambayoyin da suka fi zo mana kwanakin nan duk a kan abu guda suke, wato wani gari da ake talla a zangonni da tashoshin mota, cikin 'yan ƙananan fakiti, ana cewa wai "sitem sel" ne, mutum ya zuba a ƙarƙashin harshe ya sabunta masa jiki tun daga ido har ƙoda. Masu tambaya suna so su ji ko gaskiya ne. To, kafin mu ba da amsa, mun ga ya fi kyau mu kama hannun mai karatu mu shiga da shi ɗakin binciken da ake renon ƙwayoyin jikin mutum na ainihi, ya ga irin wahalar da ake sha kafin a raya su ko da na mako biyu ne. Tun da kuwa ƙarƙashin harshe aka ambata, bari mu tsaya a cikin bakin, domin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bakin ɗan Adam suna da wani hali da ya cancanci a sani.

Duk wanda ya taɓa kurɓar koko da zafinsa ya san baki yana da saurin warkewa. Ganɗa ta saɓule, harshe ya yi zogi, amma bayan kwana biyu ko uku an manta. Haka wanda ya ciji kuncinsa garin tauna. Rauni irin wannan a ƙafa ko a hannu sai ya yi ɓawo, ya daɗe, sau da yawa ya bar tabo. A cikin baki kuwa da wuya ka ga tabo, alhali wurin kullum a jiƙe yake, da shi ake ci da shi ake magana, ga bakteriya iri fiye da 700 da masana suka ƙidaya cikin bakunan mutane. An daɗe ana cewa miyau ne sirrin, kuma akwai gaskiya a ciki, za mu zo kanta. Sai dai tambayar da ta hana masana barci ita ce: in aka ciro ƙwayoyin daga bakin, aka raba su da miyau da jini, za su ci gaba da wannan hali nasu ko kuwa?

Fatar cikin baki hawa-hawa take, kamar jerin tubali. Kowane tubali shi ne abin da muke kira ƙwayar jiki, kuma na ƙasa-ƙasa sai an jera kamar guda 100 kafin su cika milimita 1. Waɗannan na ƙasa su ne masu haihuwa. Ɗaya takan rabu biyu, 'ya'yan su yi ta hawa sama suna bajewa, har su iso waje su zube cikin miyau mu haɗiye ba tare da mun sani ba. Ta haka cikin kunci yake sabunta kansa cikin kimanin mako 2, fatar jiki kuwa sai ta kusa wata guda. Bakin ma ba iri ɗaya yake ba. Dasashi da ganɗa suna da tauri domin su ne ke shan gugar abinci, amma kunci da cikin leɓe da ƙarƙashin harshe laushi gare su. Waɗannan duka za mu kira su ƙwayoyin shimfiɗa. A ƙarƙashinsu akwai wasu ƙwayoyin dabam masu tsawo, aikinsu saƙa zaren da ke riƙe nama, su kuma sai mu kira su masaƙa. A riƙe waɗannan sunaye biyu, domin rigimar duk tsakaninsu take.

Raya naman jiki a wajen jiki ya samo asali tun 1907, lokacin da wani masani Ba'amurke, Ross Harrison, ya sa ɗan yankin jijiyar kwaɗon da bai gama halitta ba cikin ɗigon ruwan jikin kwaɗo, ya ga zaren jijiya yana tsirowa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Amma an yi shekara kusan 70 bayan haka ƙwayoyin shimfiɗa na mutum suna gagarar masana. In an sa ɗan nama a faranti, masaƙa ne ke fara bazuwa, su mamaye ko'ina kamar ciyawa a gonar da ba a yi wa noman farko ba, na shimfiɗa kuwa su yi 'yar haihuwa kaɗan su tsaya.

A 1975 ne James Rheinwald da malaminsa Howard Green, a jami'ar MIT ta Amurka, suka gano bakin zaren. Abin da suka gano shi ne ƙwayoyin shimfiɗa ba sa son zaman kaɗaici, sai da maƙwabta. Suka ɗauki wani irin masaƙa na ɓera da ake kira 3T3, suka haska musu hasken da ya hana su haihuwa amma bai kashe su ba, suka shimfiɗa su a faranti, sa'an nan suka zuba ƙwayoyin fatar mutum a kai. Masaƙan ɓeran suka zama kamar uwar goyo, suna fitar da sinadaran da baƙin ke bukata, suna kuma danne masaƙan mutum kada su yi yawa. Sai ga ƙwayoyin fata suna haihuwa ba ƙaƙƙautawa. A 1983 aka gwada wannan dabara a birnin Bostan kan wasu ƙananan yara biyu, wa da ƙane, waɗanda wuta ta cinye musu fiye da kashi 95 cikin 100 na fatar jiki. Daga 'yan guntayen fatar da suka rage aka reni wadda aka rufe musu babban ɓangaren jiki da ita, kuma suka rayu. Wannan hanya ce aka ɗauko aka yi amfani da ita ga fatar baki.

Yanzu bari mu bi aikin daki-daki. Likita zai sa wa mutum allurar kashe zafi a kunci, ya yanki ɗan nama da bai wuce ƙwayar dawa biyu ko uku ba. Matsala ta farko ita ce datti, domin bakin da ya fi kowane tsabta ma cike yake da bakteriya, kuma ruwan da za a ciyar da ƙwayoyin jiki da shi, su ma abincinsu ne, sun kuma fi saurin haihuwa nesa ba kusa ba. Saboda haka sai a wanke naman sau da yawa cikin ruwan da aka zuba wa penisilin da wasu magungunan kashe bakteriya da naman gwari. Daga nan a jiƙa shi da wani sinadari mai raba shimfiɗa da naman ƙasa, sai a ɓare ta kamar yadda ake ɓare bayan dafaffen tumatir. A sake jiƙa ta da tirifsin, wanda irinsa ne ke narkar da nama a hanjinmu, har ƙwayoyin su rabu ɗai-ɗai. A ƙidaya su, a zuba a farantin roba, a rufe.

Abincinsu wani ruwa ne ja-ja mai sukari da gishiri iri-iri da bitamin da insulin, galibi da ruwan jinin ɗan maraƙi. Jan launin nan ba ado ba ne, alama ce. In ruwan ya yi tsami saboda dattin da ƙwayoyin ke fitarwa, ko don bakteriya sun shiga, sai ya koma rawaya, ma'aikaci yana buɗe akwati ya sani. Akan canja shi kowane kwana 2 ko 3. Akwatin da ake ajiye farantan kuwa kamar na'urar ƙyanƙyasar ƙwai yake, ɗuminsa digiri 37 daidai da jikin mutum, da laima, da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Ba ya hutu dare da rana. Mu da muka san halin wutar lantarkinmu, ba sai an faɗa mana abin da ɗauke wuta na yini guda zai yi wa aikin wata guda ba.

Abubuwa biyu cikin wannan haɗi sun isa a tsaya a kansu. Na farko wani firotin ne mai ingiza ƙwayoyin shimfiɗa su yi haihuwa su bazu, ana kiransa EGF. Stanley Cohen ne ya tsamo shi a 1962, kuma daga ina? Daga maɓuɓɓugar miyan ɓera. Ya lura in aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa, idanunsu kan buɗe da wuri, haƙoransu su riga lokaci fitowa. Wannan aiki ya kai shi ga lambar Nobel a 1986. Na biyu kuwa sai mai karatu ya riƙe baki: gubar kwalara. Green ya gano cewa ɗan mitsitsin gubar nan da ke sa mutum gudawa har ya bushe, in aka ɗiga ta a faranti, tana ƙara wa ƙwayoyin fata kuzarin haihuwa. Shekara da shekaru tana cikin haɗin da ɗakunan bincike ke amfani da shi. Ikon Allah ke nan.

To, yaya ƙwayoyin suke yi in sun samu wurin zama? Kwana ɗaya ko biyu na farko za ka ga kamar ba abin da ke faruwa. Da yawa ma ba za su kama ba, musamman waɗanda suka riga suka hau sama suka tsufa, sai su yi ta yawo a ruwa har a zubar da su. Waɗanda suka kama kuwa sukan manne a ƙasan faranti su fara rabuwa, kusan sau ɗaya a kwana. 'Ya'yan ba sa watsewa kamar na masaƙa, manne wa juna suke yi, su zama ɗan tsibiri, in ka leƙa ta madubi sai ka ga kamar daɓen tsakuwa. Tsibiran su yi ta faɗi suna ture masaƙan ɓera gefe, har su haɗu da juna cikin kwana 10 zuwa mako 2, faranti ya rufe. Da zarar wuri ya cika, haihuwa sai ta ragu, su fara hawa kan juna. Ƙwayar jiki mai lafiya ta san iyakarta. Ta ciwon daji ce ba ta sani ba.

Ana iya juya su da abubuwa ƙanana. In aka rage sinadarin kalshiyam cikin ruwan, wato wanda ke gina ƙashi, sai su zauna hawa ɗaya, ba su riƙe juna da ƙarfi ba, suna ta haihuwa. In aka ƙara shi, cikin 'yan sa'o'i sai su ɗinke da juna, su fara yin hawa-hawa. Haka kuma iska. Masana sukan yi wata 'yar katifa ta zaren nama da masaƙan mutum a ciki, su shuka ƙwayoyin shimfiɗa a kai, sa'an nan su rage ruwan yadda abinci zai riƙa zuwa ta ƙasa, sama kuwa tana shan iska. Bayan kamar mako 2, in aka yanka aka duba, sai a ga fata mai hawa da yawa, kusan irin ta cikin baki. A kan irin wannan ake gwada man goge baki da ruwan kurkure baki da taba, da yadda naman gwarin nan mai sa farin baki ga jarirai da masu raunin garkuwar jiki yake kutsawa cikin fata, ba tare da an cuci mutum ko dabba ba.

Mu komo ga tambayarmu ta farko. Akwai wani gwaji mai sauƙi ƙwarai. In faranti ya cika, sai a ɗauki tsinken roba a karta layi a tsakiya, wato a yi wa ƙwayoyin rauni, a zuba ido. Na bakin layin sukan miƙa wani abu kamar ƙafa su fara rarrafe, suna jan na bayansu, shimfiɗar duka tana tafiya tare har gefe biyu su haɗu. Da masana a birnin Shikago suka jera ƙwayoyin baki da na fatar jiki a 2014, abinci ɗaya, ɗumi ɗaya, ba miyau ba jini, na baki suka riga rufe layinsu. A 2018 kuma masu bincike na Cibiyar Lafiya ta Ƙasar Amurka suka yi wa mutane 30 da suka yarda ɗan rauni na milimita 3 a kunci da kuma a hannu. Na kunci ya riga warkewa, kamar yadda kowa zai zata. Sabon abin shi ne, sun tarar tun kafin a ji raunin, yawancin umurnin gyara da ke rubuce cikin gadon halitta a kunne yake a ƙwayoyin baki, alhali na fatar hannu sai an ji ciwo sa'an nan su fara kunnawa. Sun ambaci wasu makullai biyu, SOX2 da PITX1, waɗanda in aka ƙara wa ƙwayoyin fatar jiki su, sai su ma su ƙara sauri. Wato dai na baki kullum da ɗamararsu suke kwana.

Miyau ma bai tashi a banza ba. A 2008 wasu masana a Amsterdam ta ƙasar Holan suka zuba miyan mutum a kan irin wannan karcen, suka ga ya fi saurin rufewa, suka bi diddigi har suka gano wasu ƙananan firotin da ake kira histatin su ne ke wannan aiki. Amma kada wani ya ji haka ya ce zai riƙa tofa wa gyambo miyau. A ɗakin bincike sai da aka tace shi aka raba shi da bakteriya, kuma cizon mutum yana cikin raunukan da suka fi saurin ruɓewa.

Sai maganar tsufa. Wani shahararren likita, Alexis Carrel, ya fara renon naman zuciyar ɗan tsako a 1912, aka yi ta cewa yana raye har 1946, mutane suka ɗauka ƙwayar jiki ba ta mutuwa in an kula da ita. A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka rushe wannan zance, suka nuna masaƙan mutum sukan rabu kamar sau 50 su tsaya. Ƙwayoyin baki ma haka. In an kwashe su daga faranti zuwa faranti sau da dama, sai ka ga sun yi faɗi sun baje kamar soyayyen ƙwai, suna raye suna ci amma haihuwa ta ƙare. A 1987 Yann Barrandon da Green suka bi ƙwayoyin fata ɗaya bayan ɗaya, suka ga kashi uku ne: masu yin 'ya'ya kaɗan su tsaya, da matsakaita, da wasu 'yan ƙalilan masu dogon zango, waɗanda guda ɗaya tak za ta iya cika faranti bayan faranti. Waɗannan 'yan ƙalilan su ne uwayen ƙwayoyi, su ne ainihin abin da Bature ke nufi da "sitem sel". Duk ƙwarewar mai reno tana ga hana uwayen nan ƙarewa, kamar yadda mai lambu ke tattalin irin albasa a fangali kafin ranar dashe.

Akwai kuma wani labari da ya kamata duk mai jin "an gwada a ɗakin bincike" ya sani. Tun da ƙwayoyi masu lafiya suna tsufa, masana sun fi son na ciwon daji domin ba sa daina haihuwa. A 1955 Harry Eagle ya ba da sanarwar wani iri da ya sa wa suna KB, ya ce daga ciwon dajin bakin wani Bature aka samo shi. Aka raba shi ko'ina a duniya. A 1966 wani masanin gadon halitta, Stanley Gartler, ya binciki irin waɗannan ƙwayoyi kusan 20 da ake cewa daga mutane dabam-dabam suke, har da KB, sai ya tarar dukansu suna ɗauke da wani nau'in sinadarin G6PD da kusan a jikin 'yan asalin Afirka kaɗai ake samunsa. Ruwa ba ya tsami banza. Ashe dukansu ƙwayoyin mace ɗaya ne, Henrietta Lacks, baƙar fata 'yar Amurka wadda ciwon dajin bakin mahaifa ya kashe a 1951 tana da shekara 31, aka kuma ɗebi ƙwayoyinta a asibiti ba tare da an nemi izininta ba. Ƙwayoyinta suna da ƙarfin da in guda ta faɗa farantin wani ta hanyar bututun da ba a wanke ba, sai ta cinye masu gida ta gaje wurin. Abin takaici shi ne an yi shekaru da dama bayan wannan tonon asiri wasu suna ta buga sakamakon bincike suna kiran KB ƙwayoyin dajin baki. Ba mu ce duk aikin da aka yi da KB banza ba ne, domin da shi aka fara ganin ƙarfin ɓawon itacen da aka samo maganin daji na Taxol a 1964. Amma duk wanda ya ce ya koyi halin baki daga gare shi, bakin mahaifa ya karanta.

Ina amfanin duk wannan ga maras lafiya? Babban misali yana ga ido. Gaban baƙin ido yana da wata fata garau kamar gilashi, kuma uwayen da ke sabunta ta suna zaune a da'irar da baƙi ya haɗu da fari. In ruwan batir ko siminti ko farar ƙasa ko soda ya ƙona wannan da'ira, ko kuma ciwon nan mai saɓule fata da baki da ido wanda wasu magunguna kan tayar wa wasu mutane, sai fatar farin ido ta haura ta rufe gaban idon da jijiyoyin jini, mutum ya makance alhali cikin idonsa lafiya lau. A 1997 Graziella Pellegrini da Michele De Luca na Italiya suka nuna ana iya ɗibar ɗan yanki daga ido mai lafiya, a rene shi a faranti, a dasa a wanda ya lalace. Daga baya ma suka nuna cewa in uwaye sun wuce kashi 3 cikin 100 na ƙwayoyin da ke iya kafa tsibiri, dashen yakan kama a wajen kashi 78 cikin 100 na marasa lafiya, in kuwa ba su kai ba, da wuya ya kama. To amma wanda idanunsa biyu suka ƙone fa, daga ina za a ɗebo?

Likitocin Japan ne suka ce a duba baki. Fatar kunci a jiƙe take rayuwa kamar ta ido, ba ta da gashi, ba ta yin ɓawo, ta mutumin ce da kansa balle jikinsa ya ƙi ta, kuma inda aka yanka zai warke cikin kwanaki. A 2004 ƙungiyar Shigeru Kinoshita a Kiyoto ta ba da rahoton renon ƙwayoyin kunci a kan tantanin da ke lulluɓe jariri a ciki, suka dasa a ido. A wannan shekarar kuma Kohji Nishida na Osaka da abokan aikinsa na Tokiyo suka zo da wata dabara. Farantinsu an shafe shi da wani sinadari wanda a digiri 37 ƙwayoyi ke manne masa, in kuwa aka sauke ɗumi ƙasa da digiri 32 sai ya sha ruwa ya kumbura, shimfiɗar ta ɗago gaba ɗayanta ba tare da an tsinka ta ba. Sun yanki milimita 3 tsawo da 3 faɗi daga bakin marasa lafiya 4, suka rena mako 2, suka ɗora a ido ba ɗinki. Cikin mako guda gaban idon ya rufe, ganinsu ya ƙaru sosai, kuma da aka bi su kimanin wata 14 idanun suna nan garau. A 2021 hukumar Japan ta amince da irin wannan shimfiɗa a matsayin magani. An kuma gwada fatar bakin da aka rena wajen hana hanyar abinci tsukewa bayan tiyata, da gyaran hanyar fitsarin da ta tsuke, kamar yadda aka yi a birnin Shefil na Ingila a 2008.

Sai dai hali zanen dutse. Ƙwayar kunci ko an kai ta ido ba ta mance gidan ubanta ba. Akwai wani firotin da fatar gaban ido kaɗai ke yi, ita kuwa ba ta yinsa, tana ci gaba da yin irin na kunci. Ba ta kai ta asali haske ba, kuma a idanu da yawa jijiyoyin jini sukan sake kutsowa daga gefe-gefe bayan wasu watanni, domin a baki ta saba zama kusa da jini. Wannan riƙon asali da ya sa ta riga ƙwayar hannu rufe rauni a faranti, shi ne kuma ya hana ta zama ido sosai. Ga wanda bai iya ganin tafin hannunsa ba, samun ganin hanya da fuskar 'ya'yansa ba ƙaramin abu ba ne, amma likitocin da ke wannan aiki ba su taɓa cewa suna mayar da ido sabo ba.

Yanzu mai karatu ya auna da kansa. Ƙwayar mutum, wadda aka ciro daga jikinsa da rai, sai da ɗumi digiri 37, da abinci sabo kowane kwana biyu, da maƙwabta, da tsabtar da ta fi ta ɗakin tiyata, sa'an nan ta yarda ta rayu, kuma duk da haka ba ta yarda ta zama wani abu dabam ba. Masu tallan garin nan kuwa cewa suke yi nasu uwayen ƙwayoyin daga tuffa ko inabi aka samo su, aka busar, aka daka, aka ƙulle a fakiti, ya sha rana a kan tebur. Ƙwayar da aka busar aka daka matacciya ce. Ko da tana da rai, ƙwayar itace ba ta zama ƙwayar ƙoda. Gaskiya ne fatar ƙarƙashin harshe siririya ce, shi ya sa ake sa wa masu ciwon zuciya wata 'yar ƙwayar magani a wurin ta shiga jini cikin mintoci, amma wannan ƙofa ta ƙananan sinadarai ce, ƙwayar jiki sukutum ba ta bi ta nan. Amsarmu dai a'a ce. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi damunmu shi ne mai ciwon sukari ko hawan jini ko mai shan maganin ƙanjamau da za a ce masa ya ajiye maganin asibiti ya koma wa fakiti.

Dashen fatar baki a ido aiki ne mai tsada, na manyan cibiyoyi ƙalilan a duniya. Abin da ya fi kusa da aljihun irinmu shi ne wanda Virender Sangwan da abokan aikinsa suka fito da shi a birnin Haidarabad na Indiya a 2012, ga wanda ido ɗaya ne ya ƙone. Sukan yanki ɗan yanki daga da'irar ido mai lafiya, su gutsuttsura shi, su manna guntayen a kan tantanin jariri da aka shimfiɗa a idon da ya lalace, idon da kansa ya zama faranti, hawaye su zama ruwan reno. Ba akwatin ɗumi, ba masaƙan ɓera. Amma wannan ma sai an samu sauran da'ira mai rai da za a ɗiba.

Saboda haka 'yan'uwanmu masu cajin batir da magina da mata masu haɗa sabulu da soda, in abu ya fantsama a ido, mintocin farko su ne ke yanke hukuncin ko uwayen nan za su tsira. A buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta, na famfo ko na leda, har minti 20 zuwa 30 ba tsayawa, a ɗaga fatar ido a fitar da duk wani ɓurɓushin siminti da ya maƙale, sa'an nan a garzaya asibiti. Kada a ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko kwalli. Wanda kuma ya sha magani ya ga bakinsa ya fara saɓulewa, idanunsa sun yi ja, fata tana tashi, ya dakatar da maganin ya nufi likita a ranar, ya kuma roƙa a kira masanin ido ya duba shi tun yana kwance.